Danshi a Gadon Baya

Arvid Lahti ba ya yarda da kowa a kan tirelarsa, har da matarsa Marlys da suka shekara arba'in da ɗaya tare. Ba wata ƙatuwar tirela ba ce. Irin ta zuwa sansani ce da akori-kura ke ja: tsakiyarta ɗaki ne mai bango da ƙofa, da murhu da ɗan banɗaki, gaba da baya kuma akwai allon da ake saukewa ya zama gado, tamfol ya miƙe a kansa kamar tanti. In aka buɗe ta sai ta fito da kai da wutsiya, shi ya sa Marlys ta raɗa mata Kunkuru. Arvid ya yi ta hanawa har ya gaji, daga baya shi ma aka ji shi yana kiranta haka.

Dokokinsa a kan Kunkuru sun fi na coci yawa, amma babbarsu ita ce ba a naɗe tamfol da danshi. Duk mai irin wannan tirela a yankinmu ya san haka. Ka naɗe shi a jiƙe ka rufe, kwana uku ya isa funfuna ta yi masa ɗigo-ɗigo baƙi, da warin da sabulu ba ya fitarwa. Sai dai Arvid ya ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Ya taɓa tsare iyalinsa a bakin tafki har rana ta take, kowa ya watse, yara suna ƙorafi, shi yana zagaya gado yana shafa tamfol da bayan hannu wai raɓa ba ta gama bushewa ba.

Kowace kaka, kafin ƙanƙara ta sauko, yakan zuba wa bututunta jan ruwan nan mai hana su fashewa da sanyi, ya cusa ganyen na'ana'a a kowace kusurwa saboda ɓeraye, sannan ya ja ta zuwa siton Duane Kangas, mil bakwai bayan gari. Duane tsohon direban motar gungume ne, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, sitonsa kuma ba komai ciki sai tarakta. A nan Kunkuru ke zama har Mayu. Kafin Arvid ya tafi sai ya durƙusa ya zagaye ƙafar jak ɗin da ke tokare gabanta da alli a kan siminti. Duane ya sha yi masa tsiya a kan wannan alli, yana tambayarsa ko tsoro yake kada ta tashi ta gudu.

Bara kuwa ba tirela kaɗai ya ajiye a siton ba. A watan Satumba ya ce wa Marlys zai je birnin Duluth sayen batir, ya zarce wurin likitan ido. Likita ya ce masa tsakiyar ganinsa ce ke cinyewa, ido biyun duka, kuma ba za ta dawo ba. Ya ce ya ajiye tuƙi, balle jan tirela, ya rubuta masa haka a takarda. Arvid ya ninke ta huɗu ya tura cikin littafin kamfani da ya zo da Kunkuru, a durowar ƙarƙashin kujera, domin tunda aka sayi tirelar Marlys ba ta taɓa buɗe wannan littafi ba.

Duk abin da ya kalla kai-tsaye yanzu, tsakiyarsa sai ta zama kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Gefe-gefe yana gani, don haka ya koyi kallon abu a kaikaice, ya kuma koyi kama bakinsa. Ya san ranar da Marlys ta ji, ranar za ta karɓe makulli. Ita ko amalanke ba ta taɓa ja ba, saboda haka Kunkuru sai sayarwa. Fili mai lamba goma sha huɗu a bakin tafki, wanda suke kamawa makon farko na Yuni shekara ashirin da biyu a jere, ya zama na wasu. Shi kuma ya koma kayan da ake ɗauka a kai wurin aski a dawo da shi. Wannan tsoro ya zauna masa a ƙirji duk tsawon sanyi, har ya zama ko tari mutum ya yi kusa da shi sai ya ce akwai abin da ake nufi.

Wata Laraba a tsakiyar Mayu ya lallaɓa akori-kurarsa zuwa gonar Duane, yana bin farin layin gefen titi da wutsiyar ido. Ya tarar da Duane yana faskare a ƙofar sito.

"A'a, manya," in ji Duane. "Injiniya da kansa. Ba ka ce sai Asabar ba?"

"Sai na nemi izini kafin in ga kayana?"

"Wane ni. Ga ta can, ba ta gudu ba."

Ba ta gudu ba, amma ta motsa. Arvid ya durƙusa ya karkata kai. Da'irar alli tana nan, ƙafar jak kuwa ta fita daga cikinta da tafin hannu guda. Wejin da yake sa wa tayar hagu gaba da baya, ɗaya ya koma tayar dama. Sarƙoƙin da yake ratayewa a ƙugiya suna yashe a ƙasa.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni ne, mutumina. Na ɗan matsar da ita in fito da tarakta."

Arvid ya miƙe ya je ya shafa murfin injin taraktar. Ƙurar wata shida ta cika masa hannu. Ya goge a wando, ya zagaya bayan Kunkuru. Gadon baya na yara ne, tunda autarsu ta yi aure ba wanda ya sake kwana a kansa, shi kaɗai ke buɗewa sau ɗaya a shekara ya sha iska. Tun kafin ya zare sakata yatsunsa suka ci karo da kusurwar tamfol da ta maƙale a bakin allo. Shi kusurwa yake fara turawa ciki kafin ya rufe, ko barci yake ba zai yi wannan aika-aika ba. Ya sauke allon, tamfol ya zubo masa a hannu, sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf.

"Taraktar ce ta buɗe gadon baya, Duane?"

Duane ya cire hula ya sosa ƙeya. "Ka san rufin nan yana ɗan yoyo."

"Yoyon da ya tsallake rufin tirela ya shiga cikin naɗaɗɗen tamfol? Lalle ruwan gonarka ya yi makaranta."

Jiya Talata an tafka ruwa wajen ƙarfe uku na rana, kowa ya sani. Wato a wannan lokaci Kunkuru tana waje, gadonta a buɗe, wani kuma ya naɗe shi a gaggauce. Arvid ya shiga ciki, abin da ya fara yi shi ne jan durowa. Takardar likita tana cikin littafi, ninke huɗu. Ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ya hau gadon yana laluben inda ruwa ya taɓa katifa, sai hannunsa ya faɗa kan wani ɗan abu a lungu. Ledar alewar minti ce, an murɗe ta an ƙulle ta a tsakiya. Mutum ɗaya ya sani a duniya da ke ƙulle ledar alewa haka in ta gama tsotsa. Shekara arba'in da ɗaya yana tsintar irin wannan ƙulli a aljihun mota da bakin taga da cikin littafin waƙoƙin coci.

Tun watan Maris Marlys ke fita kowace Talata da Alhamis, wai ƙungiyar matan coci suna ɗinkin bargo.

Ya sa ledar a aljihu ya sauko. Ya tokare tamfol da sandarsa ya ce a bar shi a buɗe, kada wanda ya taɓa. Duane ya ce ya shigo su sha gahawa. Arvid ya ce ya ƙoshi.

Da yamma Marlys ta ajiye masa dankali da naman barewa, ta zauna a kujerarta da ke fuskantar taga.

"Yaya Kunkuru?" ta ce.

Ya ajiye cokali. "Wa ya ce miki can na je?"

"Tun daga ƙofa kake warin na'ana'a, tsoho. Ko ɓera ya san inda ka fito."

Amsa ce mai kyau, kuma saurin zuwanta ne bai yi masa ba. Ya ci loma biyu.

"Bargon nan da kuke ɗinkawa tun Maris, cocin gaba ɗaya za a rufa da shi?"

"Yaushe ka fara damuwa da bargo?"

"Tambaya ce. Jiya ruwan nan bai taɓa ku ba?"

"A cikin coci? Akwai rufi, Arvid. Kai ma ka ba da gudummawar kwano."

Ya tuna jiya da ya rataye rigarsa ya ji tata a jiƙe a ƙugiya, har kafaɗa. Daga ƙofar coci zuwa mota taku goma ne. Da ta miƙo masa gishiri sai ya kama hannunta, abin da ya daɗe bai yi ba. Kanta ce a gindin yatsunta, sabuwa, ɗaya ma ta fashe. Ƙarƙashin ƙamshin sabulu kuma akwai warin giris, irin wanda yake shafa wa dunƙulen ƙarfen da ake maƙala tirela.

"Allura ce ta yi miki wannan?"

"Almakashi," ta ce, ta zare hannunta. "Ci abincinka kafin ya huce."

Ya ɗaga kai ya dube ta. Da can in Marlys ta yi ƙarya girarta ta hagu ce ke tona ta, ko kyautar ranar haihuwarsa ba ta taɓa iya ɓoye masa ba. Yanzu ga gashinta fari, ga kafaɗunta, ga labulen bayanta, amma inda fuskar take sai wannan dangwalen maiƙo. Abin ya yi masa ciwo fiye da ledar alewa. Matarsa tana zaune gabansa tana iya yi masa kowace irin ƙarya, shi kuma ba shi da idon kama ta.

Daga nan zuciya ta shiga kawo masa kaya. Ya tuna bikin autarsu, Duane ya yi rawa da Marlys sau biyu, ba sau ɗaya ba. Ya tuna bayan rasuwar matar Duane wa ke kai masa abinci kowace Lahadi har wata uku. Ya tuna Duane yana da haƙoransa duka, yana da gashi, yana kuma iya karanta lambar mota daga ƙarshen gona. Mu da muka san Duane mun san mutum ne da ko mai sayar da burodi ta yi masa murmushi sai ya manta canjinsa ya fita, amma wa zai gaya wa Arvid haka a wannan rana?

Ranar Alhamis ƙarfe ɗaya Marlys ta ɗauki jakar ɗinkinta, ta ce akwai miya a firji, ta shiga 'yar motarta ta tafi. Arvid ya ba ta rubu'in awa sannan ya bi. A kwanar da ake juyawa zuwa gonaki ya ga wata inuwa a gefen titi, ya ɗauka kututture ne, sai da ya zo daf kututturen ya yi tsalle ya ja karensa cikin ciyawa yana ɗaga masa hannu. Arvid ya riƙe sitiyari gam. Ya ce wa kansa laifin mutumin ne, wa ya aike shi tafiya a bakin titi.

Bai shiga gonar da mota ba. Ya ajiye ta a bakin hanya ya bi ta cikin itatuwa, yana tuntuɓe da saiwoyi, tsoho ɗan shekara sittin da tara yana sanɗa a gonar abokinsa. Motar Marlys tana bayan sito, an ɓoye ta inda ba a hangowa daga titi. Ya dafa murfinta ya ji da ɗumi. Ƙofar sito a buɗe take, da'irar alli tana nan, Kunkuru ba ta nan.

Sai ya ji ƙarar inji daga filin ciyawa. Ya zagaya ya laɓe bayan tarin itace, ya karkata kai. Ga Kunkuru, an rufe gadajenta, an maƙala ta a akori-kurar Duane, tana ja da baya a hankali tsakanin layi biyu na bokitai. Can bayanta wani mutum cikin jar riga yana ta wurga hannu, dama, hagu, tsaya. Marlys tana da jar riga.

Wannan ya fi komai ƙona masa rai, har ya fi gadon. Shekara ashirin da biyu ita ke tsaya masa a baya in zai shiga lamba goma sha huɗu, kuma shekara ashirin da biyu suna faɗa a kai, maƙwabta suna zaune a kujerunsu suna kallo. Ta ce dama, ya ce damar wa. Ta ɓace daga madubi, ya yi ihu. Bara ma da ya daki turke, a kanta ya ɗora laifin, ba ta musa ba. Aikin da take cewa ta tsana ke nan, ga shi tana yi wa wani ƙato a tsakiyar rana, ba faɗa ba hayaniya.

Bai san lokacin da ya fito daga maɓoyarsa ba. Ya ratsa ciyawa ya nufi ƙofar direba, ya daki jikin motar da tafin hannu. Aka taka birki, tirela ta yi gefe ta take bokiti guda. Gilashi a sauke yake. Ya tsaya taku uku daga ƙofar ya dubi direban ido cikin ido, ko kuma inda ido ya kamata ya kasance. Ga koriyar hular Duane a sama, ga safar hannu a kan sitiyari.

"Kashe motar nan, Duane," ya ce. "Shekara talatin ina kiranka aboki. Ajiyar tirela na ba ka, ban ba ka ajiyar mata ba. Ka ɗauke ni makaho ne? Na ga gadon, na ga komai. In Kunkuru kake so, ɗauki, na bar maka har littafinta. Amma matar can ita kaɗai gare ni. Ba ni da wata, ba na kuma son wata. Ka ji kunya, tsohon banza."

Aka kashe inji.

"Arvid," in ji direban, da muryar Marlys. "Taku nawa ne tsakanina da kai?"

Ya daskare a wurin. Ya juyar da kai a hankali ya kalli madubin motar, sai fuskar ta fito masa ta gefe: haɓarta, farin gashinta da ya leƙo ƙarƙashin hula, idonta cike da hawaye. Mai jar rigar ya ƙaraso yana haki, sai ga Duane.

"To," in ji Duane, ya dubi wannan ya dubi wancan. "Ni bari in je in ɗora gahawa. Zan daɗe. Tukunyar ba ta da sauri." Ya ɗauki bokitin da aka take ya yi gaba.

Marlys ta cire hular ta ajiye a cinya. "Taku uku," ta ce. "Na ƙirga. Taku uku, rana tsaka, ba ka gane ni ba."

"Rana ce ta haske ni."

"Rana tana bayanka."

Ya nemi wata ƙaryar ya rasa. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ya nutse a ciyawar.

"Kin ga takardar," ya ce.

"Tun Nuwamba, da na zo ɗaukar kaskona a cikin Kunkuru. Amma kafin takarda na sani. Tun bara ka daina kallon fuskata, kunnena kake kallo. In ina magana, kunnena. In na yi sabon kitso na coci, kunnena. Wata biyu ina kwana da tunanin ko ka gaji da ganina ne. Ka ga ni ma na yi nawa zargin, tsoho, har aljihunka na bincika. Da na ga takardar nan a littafin da ka ɗauka ba na buɗewa, zama na yi a kujerar can na yi kuka, rabi don idonka, rabi don murna ba wata ba ce."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Me ya hana ka?"

Ta buɗe ƙofa ta sauko, ta zare safar hannu tana hura kantar tafinta.

"In na ce ba ni makulli hannuna ba komai, na san me na ƙwace maka. Na ce sai na iya jan ta tukuna, in zo maka da tafki a hannu ɗaya, in karɓi makulli da ɗayan. Duane ya ce mako biyu ya isa. Yau wata biyu da rabi, na kashe masa bokiti goma sha ɗaya. Kuma duk ranar da ka fita da motar can ina tsaye a taga har ka dawo, ina cewa yau zan faɗa, in fasa. Na yi ganganci, na sani. Jiya ya kira ni ya ce ka zo ka ga alli. Na ce to, gobe zai biyo ni, bari ya zo ya gani."

Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "In zai iya gani."

Arvid ya sa hannu a aljihu ya fito da ledar alewa ya miƙa mata. "Gadon fa?"

"In ni zan ja ta, ba ni zan buɗe ta ba? Da na baya na fara don ya fi sauƙi. Ina cikin maƙala robobin nan masu riƙe tamfol ruwa ya sauko, na hau ciki na fake, da ya ƙi tsayawa na naɗe na rufe."

"A jiƙe."

"A jiƙe, Arvid. Kai ni kotu."

"Kusurwa ake fara turawa. Kin bar ɗaya a waje, allo ya cije ta."

"Yanzun nan ka gama kiran abokinka kwarto, ka kira ni abin da ya fi haka, amma kusurwa ce damuwarka?"

Ya sunkuyar da kai. Dariya ta so kama shi, kuka ma ya so, ya rasa wanda zai bari ya fito. "Ki yi haƙuri," ya ce. Tun da suke ba ta ji wannan daga bakinsa ya fi sau biyar ba.

"Na ji. Na kuma ji sauran abin da ka gaya wa Duane. Shekara arba'in da ɗaya ina jira, ashe sai na sa hular wani za ka faɗa."

Suka zagaya bayan Kunkuru. Ya sauke allon ya shafa tamfol da bayan hannu. Ya sha iska, saura ɗan danshi a bakin ɗinki. Ya sa hanci ya shaƙa, funfuna ba ta kama ba. Ya kama hannunta ya ɗora a kan robobin ƙarƙashin gado, ya nuna mata daga tsakiya ake farawa a yi waje, ɗaya dama ɗaya hagu. Wannan aiki ba ya bukatar ido, yatsunsa sun haddace shi. Ta yi sau biyu, na biyun bai sami abin gyarawa ba, ko da yake ya nema.

"Lamba goma sha huɗu akwai itace a hagu," ya ce. "Ba bokiti ba ne, ba ya matsawa."

"Na sani. Shekara ashirin da biyu ina tsaye kusa da shi ana yi mini ihu."

Duane ya fito da kofi uku a faranti. Arvid ya buɗe baki zai yi magana, Duane ya tura masa kofi a hannu. "Sha, Injiniya. Ni dai ban taɓa jin an zage ni haka da daɗi ba, ina tsaye can nesa lafiya lau."

Da suka gama, Marlys ta ce a bar motarta a nan, gobe Duane ya kawo. Suka taka tare zuwa bakin hanya inda akori-kurarsa take. Arvid ya nufi ƙofar direba yadda ƙafarsa ta saba, har ya kama mariƙi. Sai ya ji ta tsaya a gefensa. Bai ga fuskarta ba, amma ya ga tafin hannunta a buɗe, mai kanta, tana jira.

Ya daɗe yana juya makullin a aljihu. Ya tuna mutumin nan da karensa. Ya fito da shi ya ɗora mata, ya zagaya ta gaban mota yana dafa ta har ya kai ɗaya ƙofar. Shekara tara da sayen motar nan bai taɓa zama a wannan ɓangare ba. Kujerar an matso da ita daidai gajerun ƙafafun Marlys, gwiwoyinsa suka tokare gaba, ya laluba ƙasa bai san inda ƙarfen matsarwa yake ba. Ta miƙo hannu ta ja masa, kujera ta yi baya.

Sannan ta sunkuya ta kama na tata. Kujerar direba ta ƙi motsi, ta saba da wuri ɗaya. Ta ja, ta sake ja, sai ta saki da ƙara ta zame gaba, ƙaras, ƙaras, ƙaras, ƙaras. Arvid ya ƙirga duka huɗun. Ya juya fuskarsa wajen taga, domin ta haka ne kaɗai yake iya ganinta.

"Gyara madubi," ya ce.